Bugu Hamsin

Ni ne mai riƙon makullin ɗakin gwaji,
shekara talatin da ɗaya a jami'ar nan ta Concepción.
Ban yi digiri ba, ban rubuta kundi ba,
amma na san hannun da ya iya taɓa waya
da hannun da sai dai ya nuna ta daga nesa.

Irenia Millalonco ta zo mana daga tsibirin Chiloé
da takalmin roba irin na masunta
da rigar ulu mai ƙaurin hayaƙin murhu.
Ta ce a gidansu kyandir biyu ake raba shi,
rabi na girki, rabi na karatu,
in nata ya ƙare sai ta rufe ido ta ci gaba da lissafi.

Ran farko ta ƙona mini fis guda uku.
Na yi faɗa, ta ce, "Don Belarmino, saura nawa a akwati?"

Abin da ta bi duk rayuwarta ƙanƙane ne a baki:
wuta tana bugu hamsin a sakan ɗaya,
kamar masu daka a turmi guda,
in taɓarya ɗaya ta yi jinkiri
sauran su karo, turmin ya kife.
Ƙasar tamu kuwa doguwa ce kamar igiyar guga,
rana a arewa, ruwa a kudu,
tsakaninsu waya, da turaku, da addu'a.

Shekara shida kafin digirin digirgir.
Mujalla ta maido mata da takarda sau huɗu,
wani mai dubawa da bai sa suna ba ya rubuta:
abin da take tsoro ba zai faru ba.
Ta manna wasiƙar a jikin tsohuwar taransifoma,
kullum da safe ta gaishe ta, ta ɗora shayi.
Kuɗin bincike ya zo, ya tafi, ya ƙi dawowa,
muka yi ta kwance injin jiya
muna ɗaura wa na yau.

Sai daren da ƙasa ta girgiza.
Layi ya tsinke a bakin kogin Biobío,
na kusa da shi ya ɗauki kayan da ba nasa ba, ya durƙusa,
garuruwa suka mutu ɗaya bayan ɗaya
daidai jerin da ta zana a shafi na sha tara.
Na same ta a matakala da tocila a baki,
tana rubuta lokutan a bayan hannunta.
Ba ta ce "na faɗa muku" ba.
Kuka take yi, don asibitin da ke layi na uku.

Bayan nan kowa ya san hanyar ofishinta.
Farfesa. Taro a ƙasashen da ban iya kiran sunansu.
Ɗalibai sha bakwai ta yaye,
biyu suna juya wutar ƙasa daga wani ɗaki marar taga,
ɗaya ya bar aikin, yana kiwon zuma, ya fi su dariya.
A ƙasan wata takarda ta gode mini,
maɗaba'a ta cinye harafi ɗaya a sunana.
Ina da ita har yau cikin leda.

Wuta ta isa ƙauyensu ta ƙarƙashin teku,
tsohuwarta dai ba ta daina sayen kyandir ba.

Jiya ta kwashe littattafanta cikin kwalin tuffa.
Ta ɓare wasiƙar nan, ta duba, ta mayar da ita.
A bakin ƙofa ta tsaya, ta kasa kunne
ga gurnanin da ni na daina ji tuntuni.
"Hamsin," ta ce. "Da ɗan ragi."
Ta miƙo mini fis guda uku, sababbi,
ta ce in kashe fitila in na tashi.